Kalankuwar Notting Hill: Unguwa, Titi da Ƙaramar Hukuma

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da mu a gida muke tsakiyar marka-marka, mutanen Landan suna bankwana ne da 'yar gajeriyar bazararsu. A unguwar Notting Hill da ke yammacin birnin, ƙarar guduma ce ke sanar da kai cewa lokacin kalankuwar titi ta 'yan asalin tsibiran Karebiyan ya yi. Tun ranar Alhamis da Juma'a kafintoci ke bin layi suna buga falankan katako a tagogin kantuna da ƙofofin gidaje. Masu hali sun kulle gida sun yi tafiya. Ma'aikata na jera shingayen ƙarfe da ɗakunan bahaya na wucin gadi a bakin titi. A wani tsakar gida kuma za ka tarar an raba duro biyu a tsaye, an yi masa ƙafafu, an shimfiɗa waya a kai, kaji suna kwance cikin yaji tun jiya suna jiran gawayi. Ranar Asabar da yamma makaɗan duro, masu kaɗa gangar da aka ƙera da duron ƙarfe, za su kara a filin Emslie Horniman. Lahadi ranar yara ce da iyalai, Litinin kuma, wadda ranar hutu ce a Ingila, ita ce babbar rana. A kwana biyun nan mutane fiye da miliyan 1 ke kwarara cikin 'yan titunan da aka gina domin keken doki.

Na zaɓi wannan biki ne domin ban san wani wuri da ya fi shi nuna yadda shagalin unguwa ke cuɗanya da siyasar ƙaramar hukuma ba. Duk shekara sai an tayar da muhawara iri ɗaya: a bar shi a inda yake, ko a kwashe shi a kai filin shaƙatawa na Hyde Park a sa masa tikiti? Wa zai biya kuɗin tsaro? Wa zai share dattin? Kuma duk shekara akan yi maganar kamar matsalar cunkoso ce kawai, alhali tushenta maganar gida ce da haya da wanda ake saurara idan ya yi kuka.

Yana da kyau a fara sanin masu riƙe da akalar, domin suna da yawa. Mafi yawan hanyar da jerin gwanon ke bi, wadda ta haura mil 3, tana cikin ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea ce. Ɓangaren gabas yana ƙarƙashin ta Westminster. Su ne ke ba masu rumfunan abinci lasisi, su rufe tituna, su auna ƙarar kiɗa, su tanadi bahaya, su kwashe shara. Magajin garin Landan shi ke sa ido a kan rundunar 'yan sandan birnin da hukumar sufuri, kuma ofishinsa na cikin masu ba da tallafi. Shirya bikin kansa, tun 2018, yana hannun wani kamfani mai suna Notting Hill Carnival Ltd. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai ainihin masu abin: ƙungiyoyin ado da ke shafe watanni suna ɗinka gashin tsuntsu da duwatsu a jikin riguna, makaɗan duro, da masu manyan lasifikoki sama da 30 da kowanne ke da kwanar da ya saba kafa kayansa shekara da shekaru. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, daga aljihunsu suke kashewa.

Inda abin ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan a tashar Tilbury, wasu dubbai suka biyo bayansu domin aikin asibiti da jirgin ƙasa da motocin haya. Ƙasar na son gumin jikinsu amma masu gidajen haya da yawa ba sa son ganinsu a ƙofa. Notting Hill a lokacin unguwar talakawa ce, manyan gidajen da suka tsufa an yayyanka su ɗaki-ɗaki, ruwa na zuba, iyali guda a ɗaki guda. Wani mai gidaje, Peter Rachman, ya yi ƙaurin suna wajen cusa baƙi a irin waɗannan ɗakuna yana tatsarsu, har sunansa ya shiga ƙamus ɗin Turanci a matsayin kalmar zaluncin mai gidan haya.

A ƙarshen Agustan 1958 gungun samari fararen fata suka kwashe kusan mako guda suna far wa gidajen baƙaƙe a waɗannan tituna da sanduna da sarƙoƙi da kwalaben fetur. A watan Mayun 1959 aka daɓa wa Kelso Cochrane wuƙa a Southam Street, kafinta ɗan tsibirin Antigua mai shekara 32, yana dawowa daga asibiti. Mutane sama da 1,000 suka raka gawarsa maƙabartar Kensal Green. Har yau ba a hukunta kowa a kan jininsa ba.

Tsakanin waɗannan abubuwa biyu ne Claudia Jones, 'yar asalin Tirinidad da Amurka ta kora a 1955, wadda ta kafa jaridar West Indian Gazette, ta shirya kalankuwar 'yan Karebiyan a cikin zauren St Pancras ranar 30 ga Janairun 1959. A ɗaki aka yi, cikin hunturu, amma BBC ta nuna shi a talabijin. Fitowa titi sai a 1966, lokacin da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Rhaune Laslett, ta shirya wa yaran unguwar ɗan shagali domin 'ya'yan 'yan Ailan da Sifen da Fotugal da Afirka da Karebiyan su san juna. Ta gayyaci makaɗin nan ɗan Tirinidad Russell Henderson da 'yan kiɗansa. Shi kuma da ya ga wurin ya yi masa ƙunci, sai ya rataya gangarsa ta duro ya kama titi. Mutanen Tirinidad da suka ji sautin daga ɗakunansu suka fito suka bi shi. Jerin gwanon da ake kashe wa miliyoyi a yau, haka ya fara.

Ita wannan ganga ta cancanci a tsaya a kanta. A Tirinidad, Turawan mulki sun hana jikokin bayi kaɗa gangar fata a shekarun 1880. Sai suka koma buga gora a ƙasa, daga nan gwangwani, daga nan duron man fetur. Akan bubbuga gindin duron da guduma har ya lotsa kamar kwano, a zana masa gida-gida, kowane gida da muryarsa, a gasa shi a wuta, sannan a yi ta gyara shi da kunne. Idan mutum 80 ko 100 suka kaɗa tare, ƙarfen da aka jefar a bola sai ya riƙa rera waƙa. Wani abin da zai ja hankalin Bahaushe: daga cikin 'yan Afirkan da aka sauke a Tirinidad akwai Hausawa, kuma wasu masana na ganin kalmar “kaiso”, tsohon sunan waƙar kalifso, daga “kaico” ɗinmu ta fito, ko da yake wasu na kai ta ga harshen Ibibio da Efik.

Shekarun 1970 na fito-na-fito ne. An rushe gidaje an ɗora babbar gadar Westway a kan unguwar a 1970. 'Yan sanda sun yi ta kai samame gidan abincin Mangrove na Frank Crichlow a All Saints Road, har aka yi zanga-zanga, aka gurfanar da mutum 9 a 1971, kotu ta wanke su daga babbar tuhumar tayar da tarzoma. Daga 1973 mai shirya bikin, Leslie Palmer, ya shigo da janareto da manyan lasifikokin 'yan Jamaika, jama'a ta ninka. A 1976 aka yi arangama tsakanin samari da 'yan sanda, sama da jami'ai 100 suka ji rauni, a lokacin da wata tsohuwar doka ta 1824 ke ba ɗan sanda damar kama mutum don zato kawai. Tun daga wannan shekarar kiran a kwashe bikin daga titi bai taɓa yankewa ba.

Sannu a hankali unguwar ta sauya. Gidajen da Rachman ya yayyanka an sake haɗe su, an yi musu fenti mai kyau, yanzu miliyoyin fam ake sayar da kowanne. Amma gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suna nan a arewacin yankin: Trellick Tower, rukunin Lancaster West, layin Golborne Road inda 'yan Maroko suka yi kaka-gida. Ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea tana cikin mafi arziki a Birtaniya, kuma tun da aka ƙirƙire ta a 1965 jam'iyyar Conservative ce ke riƙe da ita, da ƙuri'un kudu. Mazaɓun arewa, inda ake kalankuwar, galibi 'yan Labour suke turawa, su je su zauna a ɓangaren adawa. Ke nan masu yanke hukunci a kan tituna da gidajen arewa, ba ƙuri'ar arewa ce ta ɗora yawancinsu ba. Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin.

Daren 14 ga Yunin 2017

Kusan ƙarfe 1 na dare wuta ta tashi daga wani firji a hawa na 4 na Grenfell Tower, bene mai hawa 24 a Lancaster West, 'yar tafiya kaɗan daga Ladbroke Grove inda jerin gwanon ke wucewa. A lokacin ginin na ƙaramar hukuma ne, wata hukumar kula da gidaje da ke ƙarƙashinta ke tafiyar da shi. Shekara guda kafin nan aka gama yi masa kwaskwarima, aka lulluɓe jikinsa da fallayen alminiyom masu roba a tsakiya. Da farko fallayen tutiya aka zaɓa, aka sauya domin a rage kimanin fam 293,000, a ƙaramar hukumar da ke da ajiyar fam miliyan 274. Robar nan ita ta ɗauki wutar ta haura da ita har ƙololuwa cikin ƙasa da rabin sa'a. Mutum 72 suka rasu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mazauna benen sun daɗe suna kuka a kan wayoyin lantarki da ƙofofi da hanyar fita guda ɗaya tak. A watan Nuwamban 2016 wata ƙungiyarsu ta rubuta ƙarara cewa sai wani mummunan bala'i ya auku kafin a gane sakacin masu kula da ginin. An ɗauke su masu neman rigima.

Gobarar ta faɗo cikin goman tsakiya na azumi. A Landan a watan Yuni dare gajere ne ƙwarai, mutum na idar da asham sai ya zauna jiran sahur, saboda haka Musulmin unguwar da dama idonsu biyu, kuma wasunsu ne suka bi ƙofa-ƙofa suna tashin maƙwabta. Kafin gari ya waye masallacin Al-Manaar, wanda ke cikin da'irar kalankuwar, ya buɗe ƙofarsa ga kowa da kowa. Haka cocin Methodist da cocin St Clement da zauren wasanni da ke ƙarƙashin gadar Westway. Katifu da ruwa da tufafi da abinci suka yi ta zuwa har aka rasa wurin ajiyewa. Wadda mutane suka yi ta nema ba su gani ba ita ce ƙaramar hukuma. Ranar 16 ga Yuni fusatattun mutane suka kutsa cikin sakatariyarta. Firaminista Theresa May ta nemi afuwa a majalisa a kan gazawar gwamnati, ta ƙasa da ta yanki. Shugaban ƙaramar hukumar, Nicholas Paget-Brown, ya yi murabus a ƙarshen watan.

Cikin wannan ɗanyen ciwo ne ministan da ke kula da Landan, Greg Hands, ya rubuta wa magajin gari Sadiq Khan yana tambayar ko ya dace a yi biki kusa da inda aka yi wannan rashi, yana ba da shawarar a sauya masa wuri. Khan ya ƙi, ya ce bikin a waɗannan tituna aka haife shi kuma nan ne gidansa. A ganina ya yi daidai, kuma abin da ya faru a ranakun 27 da 28 ga Agusta ya gaskata shi. An buɗe da sakin fararen kurciyoyi. Jama'a sun sa kore, launin da aka zaɓa domin tunawa da mamatan. Motocin kiɗa sun kashe sauti idan suka zo kusa da benen. Ƙarfe 3 na rana, ƙaho ya yi ƙara, dukkan lasifikokin nan da ke girgiza gilashin taga suka yi tsit. A ƙofar tashar kashe gobara ta Ladbroke Grove ma'aikata suka jeru, suka cire hulunansu, suka sunkuyar da kai. Da aka gama, jama'a suka yi ta tafa musu, wasu na rungumarsu. Tun daga nan al'adar ta zauna, a shekarun baya-bayan nan shirun sakan 72 ake yi, ɗaya ga kowane rai. Unguwar da aka ƙi saurara ta samu kwana biyu da duniya ke kallonta, ta yi amfani da su ta yi makokinta yadda take so. Da a Hyde Park ne, bayan shinge da tikiti, da wasu baƙi ne za su yi shirun a madadinta.

Kwamitin bincike na Sir Martin Moore-Bick ya fitar da rahotonsa na ƙarshe ranar 4 ga Satumban 2024. Ya ce duka mutuwar 72 abar kaucewa ce, ya ɗora laifi a kan kamfanonin da suka ɓoye gaskiyar kayansu, da gwamnatin tsakiya, da ƙaramar hukumar, da hukumar gidajenta.

Kukan ɗaya ɓangaren

Zai zama rashin adalci in nuna kamar duk mai ƙorafi a kan bikin attajiri ne da ya tare jiya. Akwai tsohuwar da ke zaune a ɗakin ƙasa, wadda matakalar gidanta ke zama makewayin jama'a kwana biyu. Akwai mai jinya da motar asibiti ba za ta iso masa da wuri ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ladbroke Grove a rufe take. Ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea na ɗaukar nauyin kai wasu tsofaffi garin Eastbourne na bakin teku su kwana a can har hayaniyar ta lafa, tana kuma wanke wa mazauna harabar gidajensu kyauta bayan an tashi. Sharar da ake kwashewa takan kai tan 300.

Sannan akwai jini. A 2000 an kashe mutum 2. A 2024 an daɓa wa wata uwa wuƙa a ranar yara, a gaban ƙaramar 'yarta, ta rasu bayan kwanaki. Wani mai sana'ar girki da ya zo ziyara shi ma ya rasu bayan duka da aka yi masa a kusa da wurin. Masu kare bikin kan ce idan aka auna da yawan jama'a laifukan ba su fi na sauran manyan taruka ba. Lissafin na iya zama daidai, amma ba ya share wa yarinyar nan hawaye, kuma bai kamata a riƙa saurin fito da shi ba.

Abin da ya fi tayar wa 'yan sanda hankali ma ba wuƙa ba ne, turmutsitsi ne. Manyan jami'ansu sun sha faɗa a gaban majalisar birnin cewa tsoronsu shi ne wata rana jama'a su matse juna a wata kwana har a yi asarar rayuka masu yawa. Duk wanda ya rasa ɗan'uwa a Mina a 2015 ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda hakan ke faruwa: ba a gudu, ba a faɗa, numfashi ne kawai ke ƙarewa a tsaye. Rundunar na fitar da jami'ai kusan 7,000 kowace rana, kuma ƙorafinta shi ne da yawansu na ƙarewa a aikin tsara cunkoso, aikin da na masu shirya biki ne.

Rikicin kuɗi na 2025

Wani bincike mai zaman kansa a kan cunkoson ya gano gibin da sai an cike shi da ƙarin masu tsara jama'a da kayan aiki. A watan Yunin 2025, saura wata biyu, aka ji cewa shugaban kamfanin da ke shirya bikin, Ian Comfort, ya rubuta wa ministar al'adu Lisa Nandy yana neman tallafin gaggawa, yana gargaɗin cewa makomar bikin na cikin haɗari. Kuɗin bai fito daga gwamnatin tsakiya ba. Ofishin magajin gari da ƙananan hukumomin biyu ne suka haɗa ƙarin fam 958,000, ita kuma Kensington da Chelsea ta ce nata na wannan shekarar ne kaɗai domin ita ma kasafinta na da rami. An yi bikin ranakun 24 da 25 ga Agusta, 'yan sanda suka kafa kyamarori masu gane fuska a hanyoyin shigowa, wanda masu kare haƙƙin jama'a suka soka, daga baya rundunar ta ce munanan laifuka sun ragu sosai a kan na shekarun baya.

A nan ne nake ganin ainihin kuskuren. Tun farkon shekarun 2000 wani nazari ya ƙiyasta cewa bikin na kawo wa Landan fam miliyan 93, wani kuma a 2024 ya kai shi kusa da miliyan 400. Wannan kuɗi yana tafiya ne otal-otal da jiragen ƙasa da na sama da kantuna, harajinsa kuma baitulmalin ƙasa. Wahalar da sharar da hayaniyar su ne rabon unguwa. Tsaron mutum miliyan 1 ba abin da za a riƙa roƙo da ƙoƙon bara ana saura makonni ba ne. Mai tsara jama'a sai an ɗauke shi da wuri an horar da shi ya san kowace kwana. Wanda ke cin moriyar ya kamata ya sa hannu a kasafi na shekaru, a rubuce. Ita kuwa ƙaramar hukuma, Grenfell ta nuna mata abin da ke biyo bayan mai da kukan mazauna surutu, kuma mazaunan nan sun haɗa da tsohuwar ɗakin ƙasa da mai ɗinkin gashin tsuntsu, waɗanda sau da yawa maƙwabtan juna ne a bene ɗaya.

Ranar Litinin ƙarfe 7 na yamma ake kashe manyan lasifikoki. Cikin dare motocin shara ke shigowa a jere, ma'aikata na tura gwangwanaye da ƙasusuwan kaza da ɓawon kwakwa da tsintsiya, wasu na bin su da mesar ruwa, domin safiyar Talata motocin haya za su koma aiki. Kafintocin nan su dawo su zare ƙusoshinsu. A watan Fabrairun 2025 gwamnati ta sanar da cewa za a sauke benen Grenfell, wasu iyalan mamatan suka ce ba a saurare su ba, aka kuma fara aikin a watan Satumba, hawa-hawa daga sama, ana sa ran zai ɗauki kimanin shekara 2. Waɗanda suka yi shirun sakan 72 a Agustan 2025 su ne na ƙarshe da suka ɗaga kai suka gan shi da cikakken tsayinsa, lulluɓe da farin ƙyalle, da koriyar zuciya a samansa.